Birki Ya Yi Tauri: Tambayoyin da Masu Mota a Kano Suka Fi Yi da Amsoshinsu

Waɗannan tambayoyi ne da suke ta maimaituwa a bakin masu mota da direbobin haya a Kano, a gareji da majalisa, duk lokacin da fedar birki ta ƙi takuwa. Abin da ya sa na tattara su shi ne yadda ake kashe kuɗi a inda ba nan ciwon yake ba, wasu kuma suna ta lallaɓawa da motar alhali iyalinsu na ciki.

Me ake nufi idan an ce birki ya yi tauri?

Shi ne ka taka feda ka ji ta tsaya a sama ƙyam, sai ka danna da iyakar ƙarfinka kafin motar ta fara rage gudu. Wannan daban yake da birkin da ya yi laushi, wanda fedarsa ke lumewa har ƙasa, ko sai ka yi famfo sau biyu ko uku kafin ya kama. Laushi yawanci daga wajen man birki yake: ko yana yoyo, ko iska ta shiga layin da man ke bi, ko robobin masta, wato famfon da ke tura man zuwa tayoyi, sun gaji. Tauri kuwa, mafi yawan lokaci, abin da ke taimaka wa ƙafarka ne ya daina aiki. In ka je gareji ka ce wa bakanike “birkina ba ya ci” kawai, ka bar shi da lalube. Gaya masa fedar a sama take tsayawa ko ƙasa take tafiya, da kuma lokacin da take yin hakan.

Mene ne yake taimaka wa ƙafar tawa?

Buɗe bonet ka duba ɓangaren direba, jikin bangon da ya raba inji da cikin mota. Za ka ga wani baƙin ƙarfe zagayayye mai faɗi, masta da kofin man birki suna manne a gabansa. Ita ce bustar birki. A cikinta akwai faifan roba da ya raba ta ɗaki biyu. Injin fetur idan yana aiki yana zuƙar iska ta manifol, wato bututun da ke kai iska cikin inji, kuma akwai tiyo mai kauri da ya taso daga can zuwa busta, yana zuƙe iskar ɗakunan nan biyu. Da ka taka feda sai wani bawul ya buɗe, iskar waje ta shiga ɗakin baya kaɗai, ta tura faifan gaba, shi kuma ya tura sandar masta.

In ka taɓa zuƙe iskar cikin robar ruwa ka ga ta motse, ba bakinka ne ya matse ta ba, iskar waje ce. Da wannan ƙarfin busta take ninka takunka sau uku ko huɗu, a wasu motocin ma fiye. Duk abin da ya hana zuƙar nan isa busta, ko ya sa ta zurare, to ƙafarka ce kaɗai za ta yi aikin. Riƙe wannan, domin kusan duk amsoshin da ke ƙasa a kansa suka ginu.

Ina cikin tafiya birki ya yi tauri. Me zan yi a lokacin?

Abu na farko da za ka sa a ranka: birkin bai mutu ba. Mai yana nan, masta tana nan, taimakon ne ya tafi. Ɗauke ƙafa daga totur, ka danna fedar da dukkan ƙarfinka, da ƙafa biyu ma in ta kama, ka riƙe. Kada ka yi ta famfo, domin in akwai sauran zuƙa a cikin busta, kowane taku yana cinye ta. Kunna fitilun gargaɗi, ka rage giya ɗaya bayan ɗaya. Mai otomatik ya sauko zuwa 3, sannan 2, sannan L. Hambirki ana jan sa ne a hankali, babban yatsa na kan maɓallinsa don a iya sassautawa in tayoyin baya suka fara ja da ƙasa. Wanda nasa na lantarki ne, a yawancin motoci in ya ja maɓallin ya riƙe, motar za ta riƙa rage gudu.

Kada ka kashe inji. In kuma shi ya mutu da kansa, mayar da giya N ka sake tayarwa, kada ka murɗa makulli baya har sitiyari ya kulle. Bayan ka tsaya, leƙa ƙarƙashin feda. Robar ruwa da ta gangaro, takalmin yaro, ko tabarmar ƙafa da ta naɗe suna tokare feda, kuma mutum zai rantse birki ne ya lalace.

Gareji ba nisa, zan iya lallaɓawa in kai ta?

Shawarata ita ce a’a. Kira bakanikenka ya zo inda take, ko a ja ta da motar janwe. Mota mai gudun kilomita 60 a awa tana cin kusan mita 17 a kowane daƙiƙa, kuma duk wanda ya san titin Zariya ko na Gidan Zu da yamma ya san ɗan adaidaita sahu ba ya ba da sanarwa kafin ya tsaya ɗaukar fasinja. Ga ’yan makaranta, ga masu tura baro. Kada kuma a ja ta da igiya inji a kashe, a ce wani ya zauna ya riƙa taka birki, domin wannan birkin shi ne wanda ba shi da taimako.

Akwai gwajin da zan yi a gida kafin in kira kowa?

Akwai guda uku, ba sa buƙatar ko sufana. Ajiye motar a wuri mai lebur, ka ja hambirki. Na farko: inji a kashe, taka feda sau biyar ko shida har ta yi tauri sosai, ka bar ƙafarka a kai da matsakaicin ƙarfi, sannan ka tayar da inji. In busta na aiki za ka ji fedar ta ɗan sauka ƙarƙashin ƙafarka. In ko motsi ba ta yi ba, zuƙa ba ta isa, ko bustar ta lalace.

Na biyu: bar inji ya yi aiki minti biyu, ka kashe, ka jira kamar minti biyar ko goma, sannan ka taka. Takun farko ya kamata ya zo da sauƙi, na biyu ya ɗan fi tauri, na uku ya fi. In tun na farko ya zo da tauri, zuƙar tana zurarewa. Na uku: inji na aiki ka taka ka riƙe, ka kashe injin ƙafarka na kai, ka ƙirga daƙiƙa 30. In fedar ta fara turo ƙafarka sama, busta tana shan iska. Sakamakon nan shi za ka faɗa wa bakanike, sai ka karanta amsar da ke biye kafin ka yarda a sayi komai.

Gwajin ya nuna matsala. Ke nan sai an canza busta?

A nan ne ake yawan asarar kuɗi. Kafin busta akwai abubuwa biyu masu araha da suka fi ta saurin lalacewa: tiyon iska da ɗan bawul ɗin da ke bakin busta ko a tsakiyar tiyon. Zafin Kano a watan Afrilu da Mayu yakan haura digiri 40, balle cikin bonet a cunkoson Kantin Kwari, don haka roba tana bushewa ta tsage, galibi a bakin da aka ɗaure da kilif, ta ƙasa inda ido ba ya gani. A cire tiyon gaba ɗaya a lanƙwasa shi a hannu. Wani kuma ba ya tsagewa, laushi yake yi ya riƙa motsewa idan inji ya zuƙa. Haka kuma duk aikin da aka yi kwanan nan a saman inji, wankin totur ne ko canjin gasket, ana iya mantawa ba a mayar da tiyon daidai ba. In taurin ya fara ne washegarin fitowa daga gareji, nan za a fara dubawa.

Aikin bawul ɗin shi ne barin iska ta fita daga busta zuwa inji, ya hana ta dawowa. A cire shi a hura ta bakin da ke shiga busta, iska ta wuce. A hura ta bakin inji, ta ƙi wucewa. In ta wuce ta ko’ina, ko ta ƙi ta ko’ina, ya mutu. A duba robar da yake zama a ciki ita ma. Sannan a tayar da inji a ɗora yatsa a bakin tiyon, ya kamata ya kama yatsan da ƙarfi. Mai agogon gwajin zuƙa zai ga tsakanin inci 17 zuwa 21 a inji mai lafiya yana silo, amma da yake Kano tana sama da teku da kusan mita 480, in ya ragu da inci ɗaya ko biyu ba abin damuwa ba ne. In ya yi ƙasa da haka sosai, matsalar ta inji ce: gasket ɗin manifol, ko taimin, ko bawulolin inji.

Sai zuƙa ta isa bakin busta da ƙarfinta, tiyo lafiya, bawul lafiya, sannan ake yanke wa busta hukunci. Kuma in za a sa sabon tiyo, a sa wanda aka yi don wannan aikin. Tiyon ruwa ko na fetur yana motsewa.

Ina jin huci kamar iska na fita idan na taka birki, inji kuma yana rawa. Me ke nan?

Ɗan gajeren huci lokacin da feda ke sauka ba laifi ba ne, iskar waje ce ke shiga ɗakin baya. Wanda ba ya ɗaukewa muddin ƙafarka na kai, daga ƙarƙashin sitiyari, shi ne alamar faifan roba ya yage ko bawul ɗin cikin busta ya lalace. Iskar da ke shiga ta nan manifol take wucewa, ta yi wa fetur yawa, shi ya sa silo yake rawa ko inji ya mutu a danja. Mutane da yawa sun canza fulogi da nozul a kan wannan, alhali busta ce.

Motata mai maɓallin tayarwa ce. Da safe feda na yin tauri har ta ƙi tashi, amma in ta tashi komai lafiya.

Hajiya ko Alhaji, wannan zuƙar ce take zurarewa cikin dare. Motar tana son feda ta ɗan sauka kafin makunnin fitilar birki ya sanar da ita an taka, to in fedar ta ƙame sai an danna da ƙarfi sannan ta tashi. In yara sun yi wasa da fedar bayan an kashe mota, ko motar ta daɗe a ajiye, ba komai. In kullum ne, yi gwaji na biyu da aka bayyana a sama, kuma bawul ɗin nan shi ne abin zargi na farko.

Bakanikena ya ce a cire iska daga layi a canza man birki. Zai magance taurin?

Da wuya. Iska a cikin layi laushi take kawowa, ba tauri ba, kamar yadda amsar farko ta nuna. Ka tambaye shi cikin girmamawa: “Oga, mun gwada tiyon busta da bawul ɗinsa kuwa?” Bakaniken kirki ba ya jin haushin wannan tambaya. Canjin mai yana da amfaninsa, ba dai shi ne maganin fedar da ta tsaya a sama ba, sai in tsohon mai ya riga ya sa fistan ya yi tsatsa, wanda bayaninsa ke tafe.

To wane mai ya kamata in zuba, kuma yaushe ake canza shi?

Abin da aka rubuta a murfin kofin, yawanci DOT 3 ko DOT 4. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai aƙalla digiri 205, DOT 4 kuma 230, amma dukkansu suna shan danshi daga iska, kuma in sun sha, ma’aunin yana saukowa zuwa wajen 140 da 155. Shi ya sa ake canzawa duk shekara biyu ko uku gwargwadon littafin motar. DOT 5 na silikon ne, ba a haɗa shi da waɗannan. A sayi gwangwani a rufe, kada a yarda da wanda aka ɗura a wata roba.

Don Allah kada a zuba man giya, man sitiyari, baƙin mai ko ruwan sabulu a kofin birki, ko da na minti goma ne. Mai irin na inji yana kumbura duk robar da ya taɓa, robar masta ta toshe ƙofar da mai ke komawa kofi, birki ya riƙe, feda ta hau sama ta yi tauri. In hakan ta faru, wanke layi kaɗai bai isa ba, duk abin da ke da roba a tsarin sai an canza shi.

An tabbatar busta lafiya take, amma har yanzu sai na danna da ƙarfi.

To a sauka wajen tayoyi. Fistan ɗin kalifa, wato ƙarfen da ke matse fad ɗin birki a jikin dis, faifan da ke juyawa tare da taya, yana iya cijewa, ko ƙusoshin da kalifa ke zamewa a kansu su bushe. Ƙurar hunturu tana shiga duk inda robar kariya ta yage, damina ta zo a ratsa ruwan da ke kwanciya a tituna, sai tsatsa. Alamominsa: mota na ja gefe guda in an taka birki, wili ɗaya ya fi sauran zafi, ko fad ɗaya ya cinye ɗan’uwansa na nan da kauri. A wanke ƙusoshin a shafa musu giris na birki, ba giris na gama-gari ba, wanda ke kumbura roba.

Tiyon birki na roba da ke zuwa kowace taya shi ma yana ruɓewa ta ciki ya toshe, waje kuwa kamar sabo. Akwai kuma fad marar kyau, ko wanda zafi ya ƙona fuskarsa ta yi santsi tana ƙyalli, ko wanda mai ya jiƙa. Nan feda tana da ƙarfi amma motar ba ta tsayawa. Ana canza fad na tayoyin biyu tare, hagu da dama.

A gari lafiya lau, amma a doguwar gangara sai ya daina ci.

Kano shimfiɗaɗɗiya ce, direban da bai saba fita ba sai ya je irin Hawan Kibo a Filato da kaya cike da mota yake gamuwa da wannan. Ɗora ƙafa a birki tun daga sama har ƙasa yana ƙona fad, feda ta yi tauri, wari ya tashi. In kuma man ne ya tafasa, feda lumewa za ta yi. A sauka da ƙaramar giya, a taka a saki. In ya riga ya faru, a tsaya a bar shi ya huce da kansa, kada a watsa wa dis ruwa.

Ina kashe inji in zan sauka daga gada don tsimin fetur. Akwai illa?

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 wannan ɗabi’a ta ƙaru, kuma tana tayar mini da hankali. Na san fetur ya yi tsada, amma da ka kashe inji, taku biyu ko uku ne kawai suka rage a busta, sitiyari ma ya yi nauyi. A gangaren gadar Ƙofar Nasarawa ko ta Dangi, taku na huɗu shi ne wanda za ka fi buƙata. Ga shi kuma ba wani tsimi ake yi ba: mota mai injekta in tana cikin giya ka ɗauke ƙafa daga totur, kwamfutarta da kanta take yanke fetur.

Motata dizal ce, ta maƙwabcina kuma haibirid. Bayanin nan ya shafe mu?

Injin dizal ba ya samar da isasshiyar zuƙa a manifol, don haka yana da famfo na musamman. A tsofaffin Hilux da Hiace famfon yana jikin altaneta, to in bel ya tsinke ko ya saki, caji da taimakon birki tare suke tafiya. Wasu injinan fetur masu tabo (turbo) su ma suna da irin wannan famfo. Gwaje-gwajen gida suna aiki a kansu, sai dai a ƙara da duba famfon.

Prius da irin su Land Cruiser 100 da Lexus GX470 ba su da bustar iska. Famfon lantarki ne ke tara matsin mai a wata ’yar tukunya, shi ne ƙugin da ake ji in an buɗe ƙofar Prius. In famfon yana tashi a kai a kai, ko fitilun birki da na ABS, tsarin da ke hana tayoyi kullewa in an taka birki da ƙarfi, sun kama da ƙara, a kai wa wanda ke da kwamfutar gwaji kuma ya san tsarin. Matsin da ke ciki yana da haɗari ga wanda ya kwance shi da ka.

Na taka birki da ƙarfi feda ta riƙa bugun ƙafata. Shi ma tauri ne?

In a kan yashi ne ko jiƙaƙƙen titi, ABS ce ke aikinta, ci gaba da dannawa. In kuma tana yi a busasshiyar kwalta kana tafiya a hankali, a duba sensar taya.

In dole sai an canza busta, sabuwa zan saya ko ta Beljiyam?

A kasuwar Ƙofar Ruwa za ka samu duka biyun, kuma asalin ta Beljiyam mai lafiya ta fi sabuwar da ba a san inda aka ƙera ta ba. Tafi da tsohuwar ko da bakanikenka, domin mota iri ɗaya tana iya zuwa da busta daban-daban gwargwadon shekara da girman inji. A karkata ta a ga ko mai zai fito daga ciki, a duba tsatsa, a yi yarjejeniyar dawowa da ita in ta gaza gwaji.

Muhimmin abu: in an tarar da man birki a cikin tsohuwar bustarka, masta ce ke yoyo ta baya, man ya ci faifan roba. Alamarsa kofi na raguwa ba ka ga ɗigo a ƙasa, ko fenti ya tashi a jikin busta ƙarƙashin masta. In ba a gyara mastar tare ba, wadda aka saka ma haka za ta mutu.

An saka wata busta, taurin ya tafi, amma yanzu birki yana riƙewa bayan ’yar tafiya.

Sandar da ke tsakanin busta da masta ta yi tsawo, tana danne fistan ko ba ka taka ba, mai ya kasa komawa kofi, in ya yi zafi sai tayoyi su kama. A koma a daidaita ta. Danna fedar da yatsa inji a kashe bayan ta yi tauri: ya kamata a sami ɗan wasa kafin ta fara turjiya, a motocin Toyota da yawa milimita 1 zuwa 6 ne. Kafin ka bar gareji, maimaita gwaje-gwajen nan uku a gaban bakanike, ka tabbatar fitilun birki na baya suna kamawa suna mutuwa, a ɗaga motar a juya kowace taya da hannu, sannan ku zaga tare a layin da babu jama’a, ku taka a gudun kilomita 20, sannan 40, ku dawo ku kusantar da hannu jikin kowane wili a ji ko akwai wanda ya fi sauran zafi.